Rantsuwa ɗaya, zaure biyu: lamarin Prince Hall da Firimason na Amurka

A zauren Firimason, wato reshen wannan ƙungiya ta 'yan'uwantakar maza mai al'adun sirri, idan mutum ya nemi shiga, ba a tambayar kowa ra'ayinsa da baki. Wani ɗan akwatin katako ake ajiyewa, 'yan zaure su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zura hannu inda ido ba ya kaiwa, ya ɗauki ɗan ƙwallon da bai fi gurjiya ba ya jefa. Fari na nufin na yarda, baƙi na nufin ban yarda ba. A yawancin zaurukan Amurka baƙi ɗaya tak ya isa ya rufe wa mai nema ƙofa. Dokar ƙungiya ta hana a binciki wanda ya jefa, shi ma ta hana shi fitowa ya ce ni ne. Sai dai a aika wa mai nema cewa bai samu ba, a mayar masa da kuɗinsa.

Da wannan akwati da wasu 'yan ƙa'idojin takarda ne fararen Firimason na Amurka suka tsare ƙofarsu daga baƙar fata sama da shekara 200, alhali duk zaman da suka yi sai sun maimaita cewa 'yan Adam 'yan'uwan juna ne a ƙarƙashin Mahalicci ɗaya. A wurare da yawa ba su ma buƙaci rubuta "ban da baƙar fata" a kundinsu ba. Akwatin ya isar musu.

Na san sunan Firimason ba ya da daɗi a kunnen Bahaushe. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawar haramta shiga cikinta a 1978, Cocin Katolika ta hana mabiyanta tun 1738, kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuma ya hana ɗan ƙungiyar asiri tsayawa takara. Ba tallar ƙungiyar na zo yi ba. Abin da ya kama ni a labarin shi ne, da wuya ka sami wani wuri da aka rubuta alkawarin 'yan'uwantaka ɓaro-ɓaro haka, aka kuma adana takardun yadda aka saɓa shi, shekara bayan shekara, da sunayen waɗanda suka saɓa da hujjojin da suka kawo.

An kafa Babban Zaure na farko, wato hukumar da ke kan ƙananan zauruka, a Landan a 1717. A 1723 wani limamin coci ɗan Sikotilan, James Anderson, ya rubuta musu kundin dokoki. A ciki ya ce ƙungiyar za ta zama mahaɗa, hanyar ƙulla abota ta gaskiya tsakanin mutanen da in ba don ita ba da sun dawwama nesa da juna. A cikin wannan kundi dai aka jera sharuɗɗan shiga: mutum ya zama na kirki, balagagge, namiji, kuma ɗa, wato wanda aka haifa da 'yanci, ban da bawa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin bambancin ɗa da 'yantacce. Har yau akwai gidajen da in an zo neman aure sai an bi diddigin asali, a tono abin da ya faru kaka da kakanni, kuma masu yin haka sahu ɗaya suke tsayawa da wanda suka hana. Wannan kalma guda ta "ɗa" za ta dawo daga baya ta zama makami a Amurka.

Majemi daga Boston

Prince Hall majemi ne, mai sana'ar fata a birnin Boston na jihar Massachusetts. Ya yi bauta a gidan wani majemi farar fata mai suna William Hall, wanda ya rubuta masa takardar 'yanci a 1770. Tarihin da zaurensa ke riƙe da shi ya ce shi da abokansa sun fara neman shiga zauren fararen fata na Boston, aka ƙi su. Sai suka juya ga sojojin Birtaniya da ke jibge a bakin ruwan birnin. A cikin rundunar akwai wani zaure mai lamba 441 da ke ƙarƙashin Babban Zauren Ayaland, kuma a ranar 6 ga Maris 1775, bisa wannan tarihin, zauren ya shigar da Prince Hall da wasu baƙaƙen fata 14, dukkansu masu 'yanci. Makonni kaɗan bayan haka yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke.

Da sojojin suka bar Boston, sun bar wa waɗannan mutane ɗan guntun izini: su riƙa taruwa, su yi jerin gwano ranar bikin ƙungiya, su binne mamatansu bisa al'adarta, amma ban da shigar da sababbi. Zauren da ba ya shigar da kowa kuwa, ranar da tsofaffinsa suka ƙare ya ƙare. Shi Prince Hall yana tare da masu neman 'yancin ƙasar, har akwai takardar kuɗin fatun ganga guda 5 da ya yi wa wata rundunarsu a 1777. Duk da haka fararen Firimason na garinsu ba su ba shi takarda ba. A 1784 ya rubuta wa Landan. Babban Zauren Ingila ya amince, ya rubuta takardar kafa Zauren Afirka mai lamba 459 a ranar 29 ga Satumba 1784. Matsalar isar da kuɗin rajista ta jawo jinkiri, sai a 1787 wani matuƙin jirgin ruwa, James Scott, ya iso da ita Boston.

Wannan takarda ita ce ƙashin bayan lamarin gaba ɗaya. Daga uwar ƙungiya ta fito, da irin kalmomin da ake rubuta wa kowane zaure a duniya. 'Yan zauren na ba da labarin cewa a 1869 gobara ta kama ginin da suke taro, takardar tana naɗe a cikin wani bututun ƙarfe, sai ɗaya daga cikin shugabanninsu, Samuel Kendall, ya kutsa cikin wuta ya ɗauko ta. Zafi ya babbaka gefenta amma rubutun ya tsira. Mutum ba ya shiga wuta don takarda sai ya san ita kaɗai ce shaidar da yake da ita a gaban masu ƙaryata shi.

Zauren Afirka bai tsaya ga al'adun cikin ɗaki ba. Tun a Janairun 1777 Prince Hall yana cikin waɗanda suka kai wa majalisar Massachusetts ƙorafin a kawo ƙarshen bauta. A 1787 sun nemi a buɗe wa 'ya'yan baƙaƙe makaranta, tunda iyayensu na biyan haraji kamar kowa. Ba a ba su ba, daga baya aka buɗe makarantar a cikin gidan ɗansa, Primus Hall. A farkon 1788 kuma wani abu ya faru da ya girgiza garin. Aka yaudari baƙaƙe uku masu 'yanci da sunan aikin lodi a jirgin ruwa, suna shiga jirgin ya tashi da su zuwa tsibiran Karibiyan don a sayar. Ɗaya daga cikinsu ɗan Zauren Afirka ne. Prince Hall da 'yan zaurensa suka rubuta wa majalisa, limaman coci da 'yan ɗariƙar Quaker su ma suka rubuta, a watan Maris na shekarar majalisa ta haramta cinikin bayi a jihar. Jeremy Belknap, limamin coci kuma marubucin tarihin wannan zamani, ya ruwaito cewa a tsibirin Saint Barthélemy ɗan kasuwar da aka kai wa mutanen shi ma Firimason ne. Da ya gane ɗaya daga cikinsu ɗan ƙungiya ne, ya saurari labarinsa, aka kai maganar gaban gwamnan tsibirin. Mutanen uku sun dawo gida a cikin shekarar.

Wato baƙon da ke can tsakiyar teku ya amsa kiran 'yan'uwantaka, maƙwabcin da ke ƙetaren titi a Boston bai amsa ba. Belknap ɗin nan ya tambayi wani farar fata ɗan ƙungiyar me ya sa ba sa hulɗa da Zauren Afirka alhali yana da takarda daga Ingila. Amsar da ya rubuta a 1795 gajera ce: gaskiyar magana, kunyar zama daidai da baƙaƙe suke ji. A duk tarin hujjojin da aka ƙirƙiro daga baya, ban ga wadda ta kai wannan gaskiya ba.

A watan Yunin 1797 Prince Hall ya yi wa 'yan zaurensa jawabi a garin Menotomy, kusa da Boston. Ya yi musu nasihar haƙuri kan zagin da suke sha kullum a titunan birnin, musamman ranakun bukukuwa, inda ya ce mutum kan fita ne riƙe da ransa a hannu. Sai ya tuna musu da Haiti: shekara shida da suka wuce ba abin da ake ji a can daga safe har dare sai ƙarar bulala, ga shi yanzu al'amari ya juya. A shekarar ne ya ba da izinin buɗe zaure a Philadelphia, ƙarƙashin Absalom Jones, tare da Richard Allen wanda daga baya ya kafa babbar cocin baƙaƙen Amurka, da wani zauren a Providence. Ya rasu ranar 4 ga Disamba 1807, kabarinsa na maƙabartar Copp's Hill a Boston.

Yadda aka mayar da rantsuwa katanga

Bayan rasuwarsa zaurukan baƙaƙe suka yi ta yaɗuwa, fararen kuma suka laƙaba musu wata kalma da ke nufin zauren bogi, wanda aka kafa ba bisa ƙa'ida ba. A taƙaice, sun mayar da su 'ya'yan gaba da Fatiha. Kalmar tana da nauyi ƙwarai, domin kowane Firimason yana rantsuwa ba zai zauna a irin wannan zaure ba, ba zai kuma yi maganar ƙungiya da ɗan cikinsa ba. Ka ga ke nan farar fata mai zuciyar kirki, wanda ba ya ƙin baƙi, rantsuwar da ya yi ta 'yan'uwantaka ita ce ta ɗaure masa hannu.

Fararen sun ce Prince Hall da ire-irensa ba 'ya'ya ba ne, 'yantattu ne ko jikokin bayi. To amma Ingila da ta rubuta sharaɗin, ita da kanta ta sauya shi a 1847, bayan an soke bauta a ƙasashen da take mulka: ta cire "wanda aka haifa da 'yanci" ta sa "mai 'yanci". Sun ce an goge sunan Zauren Afirka daga rajistar Ingila a 1813, lokacin da manyan zauruka biyu na can suka haɗe. Haka ne, an goge, amma tare da sauran zaurukan Amurka na fararen fata da suka daina aika kuɗi aka goge shi, ba wanda ya ce su sun zama na bogi. Da Zauren Afirka ya fito a jaridar Boston a 1827, ƙarƙashin John T. Hilton, ya shelanta cewa daga yau ya tsaya da ƙafarsa, sai suka ce ba shi da hurumin yin haka, su da suka yi wannan abin sak bayan yaƙin 'yanci ba tare da neman yardar Landan ba.

Hujjar da suka fi jingina da ita ita ce ƙa'idar da Amurkawa suka ƙirƙira cewa jiha ɗaya, Babban Zaure ɗaya. Duk wanda ya zo na biyu ɗan kutse ne. A Massachusetts ɗin kanta, manyan zauruka biyu na fararen fata suka yi ta gogayya har 1792, wani zaure mai suna Saint Andrew kuma ya ci gaba da biyayya ga Sikotilan har 1809, ba a taɓa kiransa na bogi ba. Ƙa'idar ta zama tarko mai baki biyu. Ka zo ƙofarmu, akwati ya kore ka. Ka gina naka, ka keta mana iyaka.

Albert Pike, tsohon janar na rundunar Kudu a yaƙin basasar Amurka kuma ɗaya daga cikin manyan malaman ƙungiyar, ya yaye labulen a wata wasiƙa a 1875. Ya amince cewa zauren Prince Hall halastacce ne kamar kowane zaure da hukuma mai iko ta kafa. Sannan ya ce shi ga fararen fata ya yi rantsuwarsa, ranar da aka tilasta masa ya zaɓa tsakanin karɓar baƙaƙe a matsayin 'yan'uwa da barin ƙungiya, zai bar ta. Mutumin da ya fi kowa sanin dokar ke nan, ya faɗa da bakinsa cewa ba dokar ce matsalar ba.

Sau biyu aka yi yunƙurin gaske na gyara kafin zamaninmu, kuma yadda suka ƙare shi ya fi damuna a duk labarin. A 1897 wasu baƙaƙe biyu 'yan Prince Hall, wato 'yan zaurukan baƙaƙe, da ke zaune a jihar Washington, can arewa maso yamma, suka rubuta wa Babban Zauren jihar suna neman a duba matsayinsu. Aka kafa kwamiti, a cikinsa akwai wani alƙali daga garin Walla Walla, William H. Upton. Ya zauna ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, ya rushe su. A 1898 Babban Zauren ya amince da rahoton, aka kuma zaɓi Upton shugaba. Nan take manyan zaurukan jihohi da dama suka yanke hulɗa da Washington. Ba a yi shekara biyu ba, a 1899, Babban Zauren jihar ya janye. Upton ya fitar da bincikensa a littafi, kuma kafin ya rasu a 1906 ya bar wasiyya: kada a kafa masa dutsen kabari sai ranar da baƙi da fari 'yan ƙungiya za su iya tsayawa a kansa a matsayin 'yan'uwa.

A 1947 Massachusetts, mahaifar lamarin, ta yi nata. Kwamitin tsofaffin shugabanninta ya bincika ya ce zaurukan Prince Hall halastattu ne, Babban Zaure ya amince. Ba ma a ce za a fara ziyartar juna ba, cewa kawai aka yi halastattu ne. Florida da Texas suka yanke hulɗa. A 1949 Massachusetts ta janye matsayinta, ba don ta gano kuskure a binciken ba, sai don, a cewarta, lamarin ya kawo rashin jituwa tsakanin 'yan'uwa.

Wane ɗan'uwa? Duk lokacin da aka ɗora baƙin ɗan'uwa da farin ɗan'uwa a sikeli, sai a ce a yi haƙuri don zaman lafiya, kuma kullum mutum ɗaya ake ba haƙurin. Mutanen Washington da Massachusetts ba jahilan gaskiya ba ne, sun gan ta sun rubuta ta sun sa hannu. Abin da suka kasa jurewa shi ne a daina gayyatarsu taro a Texas. A ganina laifinsu ya fi na Pike ciwo, domin shi bai taɓa sa wa kowa rai ba.

Abin da aka gina a bayan katanga

Waɗanda aka rufe wa ƙofa ba su zauna jiran a buɗe ba. Zaurukan Prince Hall suka zama asusun jinya da na jana'iza, suka riƙe gwauraye da marayu a zamanin da kamfanonin inshora ke ƙin baƙar fata ko su tsawwala masa. Talaka lebura da ake kira "yaro" a wurin aiki komai furfurarsa, da dare sai ya sa kwat da farin ƙyallen ƙungiya a ƙugu, a kira shi shugaba, ya jagoranci taro, ya koyi riƙe littafin kuɗi da tsara muhawara. Fitattun baƙaƙen Amurka irin su Martin Delany, Booker T. Washington, W. E. B. Du Bois, Duke Ellington, duk sun shiga. Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar hana wariya a makarantu a 1954, daga baya ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli, ɗan Prince Hall ne, kuma zaurukan sun riƙa tara wa ofishin lauyoyinsa kuɗi. A birnin Jackson na Mississippi, a cikin ginin Firimason na baƙaƙe ofishin Medgar Evers na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, yake, a nan kuma aka yi taron jana'izarsa bayan an harbe shi a ƙofar gidansa a 1963.

Ba Firimason kaɗai ba ne, haka abin yake a sauran ƙungiyoyin 'yan'uwantaka irinta. Ƙungiyar Odd Fellows ta fararen Amurka ta ƙi baƙaƙe, sai wani baƙar fata ma'aikacin jirgin ruwa, Peter Ogden, ya samo musu takarda daga Liverpool a 1843, hanyar da Prince Hall ya bi sak. Baƙaƙe suka kafa nasu reshen ƙungiyar Elks a 1898. Fararen ba su ƙyale su ba, suka yi ta maka su a kotu don a hana su amfani da suna da tambari. Sau biyu maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1912 kan ƙungiyar Knights of Pythias ta Georgia, a 1929 kan ƙungiyar Shriners ta Texas, duka biyun baƙaƙe suka yi nasara, bisa dalilin cewa masu ƙara sun daɗe da sanin da su ba su ce uffan ba. Lauyoyi baƙaƙe da yawa a irin waɗannan shari'o'i suka goge. Har 1972 kotun ta yanke cewa wani zauren ƙungiyar Moose a Harrisburg na da damar ƙin sayar wa K. Leroy Irvis abinci, shi da yake jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Pennsylvania, tunda kulob ne mai zaman kansa. Elks na fararen fata sai a 1973 suka cire sharaɗin launin fata daga kundinsu.

Akwai wani ɓangare da ba zan tsallake ba, don ya faru ne a nan yankinmu na Afirka ta Yamma. Baƙaƙen Amurka da suka koma Laberiya sun tafi da ƙungiyar, suka kafa Babban Zaure a 1867. A can su ne masu mulki, 'yan tsiraru a kan ƙabilun ƙasar. Zauren ya zama ɗakin shawarar jam'iyyar True Whig da ta yi mulki sama da shekara 100, shugabannin ƙasa irin su William Tubman da William Tolbert 'yan cikinsa ne, katafaren gininsa na kan tudu a Monrobiya kowa na hange. 'Yan asalin ƙasar kuwa, Kpelle da Bassa da Kru da Krahn, kaɗan ne ƙwarai suka ga cikinsa. A nan fatar duk baƙa ce, asali da aji ne suka yi aikin da launi ya yi a Boston. Laifi tudu ne. Da Samuel Doe ya yi juyin mulki ranar 12 ga Afrilu 1980, aka kashe Tolbert, bayan kwana 10 aka ɗaure manyan jami'ai 13 a bakin teku aka harbe, aka kuma haramta ƙungiyar. Ba abin da zai halasta wannan kisa. Amma fushin da jama'a suka huce a kan ginin yana da tushe, kuma jikokin waɗanda aka hana shiga zaure a Amurka ne suka shuka shi.

Daga 1989 zuwa yau

Ƙofar ta fara buɗewa da gaske ranar 14 ga Oktoba 1989, lokacin da Babban Zauren Connecticut da takwaransa na Prince Hall suka amince da juna a rana ɗaya. An yi barazanar yanke hulɗa kamar da, amma wannan karon ba a janye ba, wasu jihohin ma suka biyo baya. Hanyar da aka bi mai sauƙi ce: manyan zauruka biyu za su iya zama a jiha ɗaya in sun yarda da juna. Ƙa'idar da aka shafe shekara da shekaru ana cewa ba ta taɓuwa, ashe jimla ɗaya ce ke warware ta.

Jihar Washington ta amince a 1990. A watan Yunin 1991 'yan ƙungiya baƙaƙe da farare suka yi jerin gwano tare zuwa maƙabartar Walla Walla, suka kafa dutse a kan kabarin Upton, wanda ya shekara 85 ba alama. A Disambar 1994 Babban Zauren Ingila ya amince da Babban Zauren Prince Hall na Massachusetts, shekara 210 bayan takardar da ya rubuta musu da farko.

Abin lura shi ne, ba a haɗe ba, kuma 'yan Prince Hall ba su nemi a haɗe ba. Na fahimce su. Sun ga abin da ya sami gasar ƙwallon baseball ta baƙaƙe bayan an fara ɗaukar 'yan wasansu a manyan ƙungiyoyi a 1947: ta mutu. Sun ga yadda dubban malamai da shugabannin makaranta baƙaƙe suka rasa aiki da aka haɗe makarantu a Kudu. Gidan da kakanninka suka gina da gumi lokacin da kowa ya juya musu baya, ba ka rushe shi don maƙwabci ya ce yanzu ka iya shigowa falonsa. Abin da suka nema shi ne a daina kiransu 'yan bogi, a kuma riƙa ziyartar juna.

Kudu ta yi ta jan ƙafa. North Carolina sai a 2008, bayan an sha kayar da ƙudurin a ƙuri'a. Texas ta sa hannu a 2007 amma da sharaɗin ba ziyara, sai a 2014 aka yarda ɗan wannan zaure ya taka wancan. Zumunci a ƙafa yake, shekara bakwai aka yi ana zumuncin takarda. Alabama ta shigo a 2017. 'Yan jihohin da suka rage a baya, yawancinsu na cikin tsohon yankin bauta ne.

A 2009 akwatin nan ya sake fitowa a labarai. Wani tsohon zaure na fararen fata a birnin Atlanta, Gate City mai lamba 2, ya karɓi takardar neman shiga daga wani matashi baƙar fata, sojan ko-ta-kwana ɗan shekara 26. Aka zura hannu aka jefa, bai faɗi ba, aka shigar da shi. Da labari ya bazu, shugabannin wasu zauruka biyu a jihar Georgia suka shigar da ƙara a cikin ƙungiya a kan shugaban Gate City, suna zarginsa da keta daɗaɗɗun ƙa'idoji da dokar ɗabi'a saboda ya shigar da wanda ba fari ba. A wannan karon sun rubuta dalilin a fili, da sa hannunsu. Zauren, wanda ke fuskantar barazanar ƙwace masa takarda, ya garzaya kotun gwamnati, jaridu suka buga takardun ƙarar kowa ya karanta. Ba a daɗe ba masu ƙarar suka janye, matashin ya ci gaba da zuwa taro a zaurensa.